Albaniya bayan gurguzu: arziki na haɓaka, mutane na ficewa

Malam Sabi'u, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna batun wata ƙaramar ƙasa da ke kudu maso gabashin Turai, wato Albaniya, wadda da yawanmu muka fara jin sunanta ta dalilin malamin hadisin nan Shaihu Muhammadu Nasiruddin Albani, wanda aka haifa a birnin Shkodra a 1914 kafin mahaifinsa ya yi hijira da iyalinsa zuwa Dimashƙa. Faɗin ƙasar bai kai murabba'in kilomita 29,000 ba, tana bakin teku tana fuskantar Italiya, Girka kuma tana kudu da ita. Abin da ya ja hankalina shi ne sakamakon ƙidayar 2023, wadda ta nuna cewa mazauna ƙasar miliyan 2.4 ne kacal, alhali a ƙidayar 2011 sun kai miliyan 2.8, a ta 1989 kuwa, gab da rushewar mulkin gurguzu, sun doshi miliyan 3.2. Ba yaƙi ne ya cinye su ba, ba kuma annoba ba. Tafiya suka yi, waɗanda suka rage kuma ba sa haihuwa kamar da.

A daidai wannan lokacin ne kuma ake ta yabon ƙasar. Tattalin arzikinta yana ƙaruwa kusan kowace shekara, ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2009, ta zama 'yar takarar shiga Tarayyar Turai a 2014, sannan a 2023 baƙi sama da miliyan 10 suka shige ta, wato ninki huɗu na mutanen da ke zaune a cikinta. Tambayata ita ce, shin za a kira wannan nasara? A ganina ba za a kira ba, domin ma'aunin da ya fi kowane gaskiya shi ne shawarar da saurayi mai shekara ashirin yake yankewa a kan inda zai gina rayuwarsa, kuma samarin Albaniya sun daɗe suna yanke tasu a filin jirgi da tashar jiragen ruwa ta Durres. Ina son jin ra'ayin masana tarihi da na tattalin arziki da ke cikin wannan zaure.

Hajiya Rakiya, Kano

Wa alaikumus salam Malam Sabi'u, Allah ya saka da alheri. Kafin mu yanke hukunci a kan inda ƙasar take a yau, ya kamata mu san inda ta fito, domin ko a cikin ƙasashen gurguzu na Turai babu wadda aka garƙame kamarta. Enver Hoxha ya karɓi mulki a ƙarshen 1944 bayan ficewar sojojin Jamus, bai sauka ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a watan Afrilun 1985. A tsawon wannan mulki ya ɓata da duk wanda ya taɓa tallafa masa: ya rabu da Yugoslabiya a 1948, ya rabu da Tarayyar Sobiyet a 1961 saboda bai yarda da sukar da aka yi wa tsohon shugabanta Stalin bayan mutuwarsa ba, sannan a 1978 ya rabu da ƙasar Sin, wadda ita kaɗai ta rage tana ba shi injina da kuɗi. Kundin tsarin mulkin 1976 ya haramta wa ƙasar cin bashi daga ƙasashen jari-hujja ko barin kamfanoninsu su yi aiki a cikinta, don haka daga ƙarshen shekarun 1970 injinan masana'antu suka yi ta tsufa babu kayan gyara, babu kuma kuɗin sayen sababbi.

Duk da wannan ƙunci, gwamnati ta zuba siminti da ƙarfe wajen gina ɗakunan ɓuya na soja kusan 173,000 a gonaki da gaɓar teku da tsaunuka, don jiran wani harin da bai taɓa zuwa ba, a lokacin da iyalai suke cunkushe a 'yan ƙananan ɗakuna. Ba a yarda mutum ya mallaki motar kansa ba. Ba a tashi daga ƙauye zuwa birni sai da izinin hukuma. Wanda ya yi yunƙurin tsallaka iyaka maci amanar ƙasa ne a idon doka, masu gadi suna da umarnin harbi, iyalinsa kuma a kwashe su a kai wani ƙauye mai nisa inda za su zauna a ƙarƙashin sa ido. 'Yan sandan ciki da ake kira Sigurimi suna riƙe da bayanin zuriyar kowa, ta yadda laifin kaka yakan hana jika shiga jami'a.

Saboda haka, Malam, ficewar da kake ƙirgawa a matsayin asara tana da wata fuska. Ɗan Albaniya da ke aiki a Milan ko Atina ya dawo gida hutun bazara da motarsa, ya gyara wa mahaifiyarsa ɗaki, ya koma babu mai tambayarsa dalili, yana cin moriyar abin da kakanninsa suka mutu ba su ɗanɗana ba. Ba na jin za mu auna ƙasar da adalci idan muka cire wannan daga lissafi.

Abdurrahman, Maraɗi

Hajiya, ban shigo don in wanke Hoxha ba, amma labarin da kika bayar ya bar rabin magana a baya. Kafin yaƙin duniya na biyu kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su iya karatu da rubutu ba, zazzaɓin cizon sauro ya addabi fadamun bakin teku, kuma babu jami'a ko ɗaya. A zamanin gurguzu aka buɗe Jami'ar Tirana, babban birnin ƙasar, a 1957, aka busar da fadamu aka mayar da su gonaki, aka kai wutar lantarki kowane ƙauye a 1970, aka gina madatsun ruwa a kan kogin Drin irin su Fierza da Koman, waɗanda har yau su ne ƙashin bayan wutar ƙasar. Masana'antar narka ƙarfe ta Elbasan, wadda aka gina da taimakon Sin, ta ɗauki ma'aikata sama da 10,000.

Abin da nake so a duba shi ne yadda aka yi da wannan gado bayan 1991. A wannan shekarar kaɗai abin da ƙasar ke samarwa ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a 1992 hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari, har sai da sojojin Italiya suka riƙa rabon abincin agaji. Jama'a cikin fushi suka farfasa gine-ginen gonakin haɗin gwiwa, suka kwashe bututun ban-ruwa, suka sare itatuwan gwamnati. Dokar filaye mai lamba 7501 ta watan Yulin 1991 ta raba gonaki ga mazauna ƙauyuka gwargwadon yawan mutanen gida, ba tare da la'akari da masu filin na asali ba, sai kowane iyali ya tashi da abin da bai wuce hekta ɗaya da 'yan kai ba, shi ma a warwatse wuri uku ko huɗu. Irin wannan gona ba ta ɗaukar tarakta, banki kuma ba ya ba da bashi a kanta. Ni a nan nake ganin tushen ficewar da Malam Sabi'u yake magana a kai, domin an rushe tsohon tsari cikin gaggawa ba a tanadi abin da zai riƙe mutane ba.

Hajiya Rakiya, Kano

Malam Abdurrahman, makarantu da lantarki gaskiya ne, ba na musun su. Sai dai tsarin ya riga ya mutu a tsaye tun kafin a taɓa shi. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta hana manomi riƙe ko da saniya ɗaya ko 'yan tumaki a gidansa, ta ce a tara su a garken haɗin gwiwa, sai manoma da yawa suka gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa su, daga nan madara da nama suka yi ƙaranci har a birane, aka koma rabon abinci da kati. Ma'adinan da ake taƙama da su kuwa, wasu fursunonin siyasa ne suka haƙo su, kamar a kurkukun Spac inda suka yi tawaye a 1973 aka murƙushe su. Kuma ka lura cewa mutane sun fara gudu ne tun gurguzu yana kan kujera: a watan Yulin 1990 kusan mutum 5,000 suka kutsa ofisoshin jakadancin ƙasashen waje a Tirana, a watan Agustan 1991 kuma jirgin dakon kaya mai suna Vlora ya isa tashar Bari ta Italiya ɗauke da mutum kusan 20,000, wasu a maƙale a jikin turakunsa. Wanda ya hau irin wannan jirgi ba dokar filaye ce ta kore shi ba, domin a lokacin dokar ba ta cika wata guda ba.

Dokta Nuhu, Kaduna

Ina gaishe ku duka. Hajiya da Malam Abdurrahman kowa yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, amma akwai shekara guda da ban ji an ambata ba, kuma a fahimtata ita ce ta karya amanar da ke tsakanin ɗan Albaniya da ƙasarsa, wato 1997.

Bayan jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta ci zaɓen Maris na 1992, likitan zuciya Sali Berisha ya zama shugaban ƙasa, kuma daga 1993 zuwa 1996 tattalin arzikin ya riƙa ƙaruwa da sauri har ana ba da misali da shi. Kuɗi yana shigowa daga 'yan ci-rani da ke Girka da Italiya, amma bankunan gwamnati sun yi rauni, bashin da ba a biya ba ya yi musu katutu, ba sa iya biyan buƙatar masu neman jari. Wannan giɓi ne wasu kamfanoni suka cike, suna karɓar ajiya daga jama'a suna biyan riba duk wata. Na farkon, irin su VEFA da Gjallica da Kamberi, suna da wasu harkoki na zahiri, kuma an yi imani da cewa wasunsu suna samun kuɗi daga fasa-ƙwaurin man fetur zuwa Yugoslabiya lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba mata takunkumi. Da aka dakatar da takunkumin a ƙarshen 1995 sai wannan ƙofa ta rufe, hanyar da ta rage musu kawai ita ce su biya tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi.

A 1996 sababbin kamfanoni irin su Xhaferri da Populli suka shigo da alkawuran da suka fi na kowa, gasa ta ɓarke, riba ta tashi daga 'yan kaso kaɗan a wata zuwa kashi 30, har wani ya yi alkawarin ninka kuɗi sau uku cikin wata uku. Mutane suka sayar da gidajen da gwamnati ta mallaka musu, manoma suka kai shanu kasuwa, 'yan ci-rani suka turo gumin shekaru. An ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na al'ummar sun zuba kuɗi, kuma abin da ake bin kamfanonin ya doshi rabin abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Kamfanin Sude ne ya fara gaza biya a watan Nuwamban 1996, a watan Janairun 1997 shi da Gjallica suka durƙushe, sauran suka bi baya. Asarar ta kai kusan dala biliyan 1.2.

Abin da ya biyo baya ya wuce batun kuɗi. Zanga-zanga ta tashi daga birnin Vlora ta bazu a kudu, a watan Maris sojoji da 'yan sanda suka watse, aka fasa rumbunan makamai aka kwashe bindigogi sama da 500,000, aka buɗe gidajen yari. Kusan mutum 2,000 suka rasa rayukansu. A ranar 28 ga Maris wani jirgin ruwa ɗauke da masu gudu ya yi karo da jirgin sojan ruwan Italiya a mashigin Otranto, sama da mutum 80 suka nutse, da yawansu mata da yara. Sai da rundunar ƙasashen waje mai soja kusan 7,000 a ƙarƙashin jagorancin Italiya ta shigo aka iya yin zaɓe a watan Yuni, jam'iyyar Socialist da ta gaji tsohuwar jam'iyyar gurguzu mai mulki ta ci, Berisha ya yi murabus. Yaron da ya ga mahaifinsa ya rasa gida a wannan shekara shi ne magidancin yau, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya fi yarda da albashin Jamus a kan alkawarin Tirana.

Sadiya, Bauchi

Dokta, Allah ya ƙara ilimi. Ina karanta bayaninka ina tuna MMM da ta daskarar da asusun jama'a a Najeriya a watan Disambar 2016, ita ma da alkawarin kashi 30 a wata, da kuma CBEX da ta rufta da mutane a 2025. Bayanin da aka saba bayarwa game da Albaniya shi ne cewa mutanen da suka yi shekara arba'in da biyar a kulle ba su san yadda kasuwa take aiki ba, shi ya sa aka yaudare su. To mu da muka tashi cikin kasuwanci tun kaka da kakanni, me ya sa irin wannan ta same mu? Ina ganin kwaɗayi ne mabuɗin wahala a ko'ina, kuma ɗora laifin a kan gurguzu bai warware tambayar ba.

Dokta Nuhu, Kaduna

Malama Sadiya, tambayarki ta taɓa inda ya dace, amma kwaɗayi kaɗai ba zai bayyana girman abin da ya faru ba. Kwaɗayi yana ko'ina, amma ba ko'ina ne damfara take haɗiye rabin arzikin ƙasa ba. Da yawa daga masu zuba kuɗin sun san abin ba mai ɗorewa ba ne, lissafinsu shi ne su shiga da wuri su fita kafin ya fashe. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne ganin manyan jami'an gwamnati suna halartar bukukuwan kamfanonin, gidan talabijin na ƙasa yana tallata su, ana kuma zargin wasunsu da ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓe. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi gargaɗi a 1996, amma shekarar zaɓe ce, ga na majalisa a watan Mayu ga na ƙananan hukumomi a Oktoba, babu ɗan siyasar da yake son ya zama shi ne ya toshe wa talakawa hanyar samu. A adashe kowa yana ganin mai zubi da mai kwasa, kuma abin da aka zuba shi ake kwashewa. A nan kuwa kuɗin na baya ake ba na gaba, kuma hukuma ce kaɗai take da ikon buɗe littafin ta ga haka. Da ta ƙi buɗewa, sai jama'a suka ɗauki shirunta a matsayin lamuni, shi ya sa da kuɗin ya salwanta ofisoshin gwamnati suka fara ƙonawa. Bambancin da Najeriya shi ne girman tattalin arzikinta ya shanye asarar, Babban Banki da hukumar kula da hannayen jari kuma sun fito sun yi gargaɗi a fili.

Malam Ɗahiru, Sakkwato

Ku ba ni dama in shigo da ɓangaren addini da al'ada, domin ba a fahimtar wannan al'umma da lissafin kuɗi kaɗai. A 1967 gwamnatin Hoxha ta rufe masallatai da majami'u da zawiyoyi sama da 2,000, wasu aka rushe, wasu aka mayar da su rumbunan ajiya ko wuraren wasanni, sannan kundin 1976 ya bayyana cewa ƙasar ba ta amince da kowane addini ba. An ɗaure limamai da fada-fada, an kashe wasu, an matsa wa iyaye su daina sa wa 'ya'ya sunayen addini, a makarantu kuma akan bincika a gano gidan da ake azumi. Hafiz Sabri Koci ya yi kusan shekara 20 a kurkuku, kuma shi ne ya ja salla a bainar jama'a a Shkodra a watan Nuwamban 1990, 'yan kwanaki bayan Kiristocin Katolika na birnin sun yi nasu taron ibada a maƙabarta, inda Musulmi suka halarta don mara musu baya. A watan Janairun 1991 dubban mutane suka shiga masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar Tirana ba tare da izinin hukuma ba, 'yan sanda kuma ba su hana ba.

Amma shekara 23 babu masallaci babu makarantar addini ba ƙaramin abu ba ne, domin tsara guda ta tashi ba ta san alwala ba. A ƙidayar 2023 waɗanda suka ce su Musulmi Ahlus Sunna ne sun kai kusan kashi 46 cikin ɗari, 'yan ɗariƙar Bektashiyya kusan kashi 5, Katolika kusan kashi 8, Otodoks kusan kashi 7, sauran kuma ko dai sun ce suna da imani ba tare da bin wani addini ba, ko ba su da addini, ko sun ƙi amsawa. Babban masallacin Namazgah na Tirana, wanda Turkiyya ta ɗauki nauyin ginawa, sai a watan Oktobar 2024 aka buɗe shi. Ina ambaton wannan ne saboda maganar Dokta a kan amana. Mulkin da ya sa maƙwabci ya riƙa kai rahoton maƙwabcinsa, ya kuma rushe duk wata cibiya da ke tara mutane ban da jam'iyya, ya bar al'ummar da ba ta yarda da kowa sai dangi na jini. Wannan ciwo ya fi na masana'antu wuyar warkewa.

Abdurrahman, Maraɗi

Malam Ɗahiru, zaluncin da aka yi wa masu addini abin Allah wadai ne. Duk da haka akwai masu cewa zaman lafiyar da ake gani tsakanin addinai a can, har da yawan auratayya, ya samo asali ne daga wancan zamani da aka rage wa addini ƙarfi a rayuwar jama'a, kuma suna kafa hujja da yaƙin da aka yi tsakanin al'ummomin addinai daban-daban a Bosniya. Ina son jin amsar wannan.

Hajiya Rakiya, Kano

Amsar tana cikin tarihin da ya gabaci Hoxha. A taron Manastir na 1908 Musulmi da Katolika da Otodoks suka zauna suka daidaita a kan rubuta harshensu da baƙaƙen Latin, duk da cewa akwai masu goyon bayan baƙaƙen Larabci da na Girkanci. Bayan samun 'yanci daga Daular Usmaniyya a 1912, majalisar ƙoli da aka kafa a 1920 ta ƙunshi mutum huɗu, ɗaya daga kowace al'ummar addini, sannan a 1924 bishop na Otodoks, Fan Noli, ya zama firayim minista a ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Dalilin shi ne maƙwabta suna neman yanka ƙasar su raba, harshe ne kaɗai ya haɗa mutanenta, don haka shugabanninsu suka gane cewa rigimar addini za ta ƙarasa su. Akwai kuma al'adar nan ta besa, wato alkawarin da ba a karyawa da kare baƙon da ya shigo gidanka, wadda ta sa iyalai Musulmi da Kirista suka ɓoye Yahudawa lokacin mamayar Jamus, har yawan Yahudawan ƙasar a ƙarshen yaƙin ya fi na farkonsa. A 1999, shekara biyu kacal bayan tarzomar da Dokta ya bayyana, ƙasar ta karɓi 'yan gudun hijirar Kosobo sama da 400,000, akasarinsu a gidajen talakawa suka sauka.

Sai dai tsohuwar dokar gargajiya ta tsaunukan arewa, Kanun, wadda ta ƙunshi wannan karamci, ita ce kuma ta ƙunshi ɗaukar fansar jini. Gurguzu ya danne ta da ƙarfin bindiga, da hukuma ta yi rauni bayan 1991 sai ta dawo, sau da yawa a kan rikicin filayen da Malam Abdurrahman ya ambata, domin a arewa ƙauyuka da dama sun yi watsi da sabuwar dokar sun koma kan iyakokin kakanni. An samu gidajen da maza da yara maza suka yi shekaru a kulle ba sa fita don tsoron ramuwa. Marubucinsu mafi shahara, Ismail Kadare, wanda ya rasu a 2024, ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan al'ada.

Malam Sabi'u, Zariya

Na amfana ƙwarai, amma ina so mu dawo kan halin da ake ciki yanzu, domin har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Mu dubi abin da ƙasar ke rayuwa a kai: yawon buɗe ido a gaɓar tekun kudu da tsofaffin biranen Berat da Gjirokastra, gine-gine a Tirana, ɗinkin takalma da tufafi da kamfanonin Italiya ke kawo kayan aikinsu su kwashe idan an gama, cibiyoyin amsa waya da harshen Italiyanci, ma'adinin kurom na Bulkiza, ɗan man fetur, da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa. Yawancin waɗannan ayyuka ne na ƙaramin albashi ko na 'yan watannin bazara. Shigowar kuɗin Yuro da yawa ya sa kuɗin ƙasar, lek, ya yi ƙarfi daga sama da 120 a kan Yuro ɗaya zuwa kusan 100, wanda ya jefa masu ɗinki da masu fitar da amfanin gona cikin wahala, ga farashin gidaje a Tirana ya fi ƙarfin malamin makaranta. A 2022 'yan Albaniya sama da 12,000 suka tsallaka teku zuwa Ingila a ƙananan kwale-kwale, daga ƙasar da ba a yaƙi a cikinta. Yanzu har otal-otal suna ɗauko ma'aikata daga Asiya saboda 'yan ƙasa sun tafi, makarantun ƙauye kuma ana rufe su don babu yara. Macen da a 1960 take haihuwar 'ya'ya shida ko fiye, jikarta a yau ba ta kai ɗaya da rabi ba a matsakaicin lissafi. Wane ne zai biya fanshon tsofaffi nan da shekara ashirin?

Dokta Nuhu, Kaduna

Malam Sabi'u, damuwarka a kan fansho tana kan hanya. Abin da zan ƙara shi ne akwai wani gwaji da ake yi a can wanda ya kamata mu sa wa ido, domin kai tsaye yake taɓa matsalar amana. A 2016 majalisa ta gyara kundin tsarin mulki da goyon bayan Tarayyar Turai da Amurka, aka wajabta tantance kowane alƙali da mai gabatar da ƙara a kan dukiyarsa da ƙwarewarsa da alaƙarsa da masu laifi. Da yawa aka kora, wasu suka ajiye aiki kafin a zo kansu, har kotun tsarin mulki da kotun ƙoli suka yi wani lokaci ba su da isassun alƙalan zama, shari'u kuma suka taru. Daga wannan gyara aka kafa hukumar SPAK mai tuhumar cin hanci da manyan laifuka, wadda ta sa aka yi wa Berisha ɗaurin talala a Disambar 2023, ta kama tsohon shugaban ƙasa Ilir Meta a Oktobar 2024, ta kuma kama magajin garin Tirana, Erion Veliaj, ɗan jam'iyyar Firayim Minista Edi Rama, a Fabrairun 2025. Tuhuma ba hukunci ba ce, kuma 'yan adawa suna kukan cewa Rama, wanda yake mulki tun 2013 ya kuma ci wa'adi na huɗu a 2025, ya tara iko da yawa a hannunsa. Amma karon farko ke nan da talaka ya ga an kai manya na ɓangarorin biyu gaban alƙali. Idan mai jari ya tabbata cewa takardar filinsa za ta tsaya a kotu, ɗan ci-ranin da ya tara kuɗi a Jamus zai iya tunanin kafa masana'anta a gida maimakon sayen ɗaki a bene ya rufe.

Sadiya, Bauchi

Dokta, ina fatan haka, amma akwai abin da ke sa ni shakka a kan cewa shiga Tarayyar Turai zai tsayar da ficewar. Bulgeriya tana da kusan mutum miliyan 9 a 1989, ta shiga Tarayyar a 2007, ƙidayar 2021 kuma ta same ta da kusan miliyan 6.5. Kuroshiya ta shiga a 2013, ta sauka daga kusan miliyan 4.3 a 2011 zuwa ƙasa da miliyan 3.9 a 2021. Tun Disambar 2010 'yan Albaniya suke shiga yawancin ƙasashen Turai ba biza, amma ziyara kawai aka yarda musu. Ranar da suka zama mambobi ƙofar aiki ma za ta buɗe. Ko yanzu Jamus tana da tsari na musamman tun 2016 na ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen yammacin Balkan, kuma a 2024 ta ninka gurbin zuwa mutum 50,000 a shekara, ga asibitocinta suna neman ma'aikatan jinya da likitoci ido rufe. Gwamnatin Albaniya ta yi doka a 2023 da ke tilasta wa ɗaliban likitanci yin aiki a gida na wasu shekaru ko su biya kuɗin karatunsu, ɗaliban suka fito zanga-zanga, maganar ta kai har kotun tsarin mulki. A shekarar ce kuma aka gabatar da irin wannan ƙuduri a Majalisar Wakilan Najeriya, likitoci suka yi masa ca. Ina so Dokta ya yi mana bayani ko akwai wata ƙasa cikin tsofaffin ƙasashen gurguzu da ta iya dawo da mutanenta bayan sun tafi, da kuma matakin da albashin gida ya kai idan an gwada shi da na waje kafin su fara dawowa.